Wa Ke Zuba Wa Injina Ƙasa

Ƴan'uwa maza da mata, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya janye ni daga bakin rami ina ta gardama da shi. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Ayuba. Da yawanku kun san ni da Ayuba mai inji. Ni ba mai magana ba ne, lakol ma, wato makaranta, aji uku na yi na bari, don haka kada ku jira daɗin baki. Fasto ya ce in rubuta abin da Ubangiji ya yi mini a karanta a zumunta. Na ce masa abin kunya ne. Ya ce ai shi ya sa. To, ga shi.

Aikina yankan icce da inji. Da ƙuruciya na bi ƴan aikin hanya can wajen Gidan Rumji, muna bayan katafila, ita tana ture itatuwa mu muna yanyankawa. Can na fara riƙe injin yankan icce, can na koyi kwance shi da ɗaure shi. Da na dawo ƙauyenmu, tsakanin Agye da Cadawa, na daɗe ina tari kafin in sayi nawa. Kun san yadda ƙasarmu take yanzu, ba mai taɓa gawo mai rai. Kowace gona da itatuwanta, kuma akwai masu sa ido. Abin da nake yanka shi ne wanda iska ta kayar, ko wanda ya bushe a tsaye, ko reshen da ya hau kan ɗaki, shi ma sai an karɓo takarda wajen ƴan gandun daji. Aikin ba shi da yawa, amma yana ciyar da gida in inji na lafiya.

Ciwon da Yesu ya warkar mini ba a ganinsa a likita. Zargi ne.

Ban yarda da kowa ba. Mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalba, na ce ya gauraya da kananzir. Wanda ya gaishe ni da fara'a, na ce me yake nema. A cikin majami'ar nan, in na ga mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa, to da ni ake. Kuma ban taɓa kiran abin ciwo ba. Wayo nake kiransa. Ina cewa ni dai ba a cutata.

Akwai mutum ɗaya da na bari kusa da ni, Lawali. Ɗan kawuna ne, wato taubashina. Mahaifina ne ya karɓi bishara, dangin uwata kuwa duk Musulmi ne, kuma ba su taɓa yanke mu ba. Biki tare, makoki tare. Lawali yana da amalanke da shanu biyu. Fiye da shekara goma muna aiki tare. Da safe ya ɗauki inji da bidon mai, wato jarka, a amalanke, ni in riga shi zuwa in duba iccen in yi magana da mai gona. In na yanka, shi ya kwashe.

Kun san taubashi. Ba ya buɗe baki ya faɗa maka mai daɗi. Daga nesa zai ɗaga murya: "Kai bawa! Yau ma za ka tashi jama'a da kukan jakin nan naka?" Jaki yake ce wa injin. Ni kuma in ce, "Bawan gidanmu, ja shanunka ka yi shiru, sun fi ka hankali." Haka muka taso. Ranar da bai zage ni ba, sai in tambaya ko ba shi da lafiya.

Bayan kakar bara waccan, inji ya fara rashin ƙarfi. In ya yi zafi sai ya mutu. Wata safiya na ja igiya na ji ta taho salab, ba nauyi. Duk mai inji ya san wannan, in igiya ta daina yi maka gardama, ciki ya cinye. Na kwance shi a ɗaki ni kaɗai. Fistan duk zane-zane, silinda ma haka, kamar an ja su a kan dutse.

Akwai bakanike a Cadawa, Malam Idi, dattijo ne, kowa na yabon aikinsa. Amma ni ban kai masa injin ba. Silinda da fistan kawai na naɗe a tsumma na kai, saura na kulle a gida. Dalilina, kada a cire mini kayan asali a sa mini na jabu.

Ya juya fistan a hannu, ya shafa, ya murza yatsunsa. Ya ce, "Ayuba, ina sauran injin?"

Na ce, "Yana gida. Wannan ne ya lalace."

Ya ce, "Ƙasa ce ta ci shi. Kawo shi duka in ga ta inda take shiga."

Na ce, "Kai dai sayar mini da sabo."

A raina na ce, na gane ka tsoho, kafiretar injina kake so ka cire.

Na ɗaura sabo. Wata biyu bai cika ba, igiya ta sake tahowa salab. Sai da na sayar da rago. Na sake naɗe silinda a tsumma na koma Cadawa.

Malam Idi ya ce, "Ƙasa ce dai."

Na ce, "Ta ina take shiga?"

Ya ce, "Ina zan sani? Kana kawo mini kai kana barin gangar jiki a gida."

A hanyar dawowa na fara tunanin da ya kusa hallaka ni. Ƙasa ba ta da ƙafa. Wani ke zuba ta. Wa ke taɓa injin nan? Ni. Sai wa? Sai wanda yake ɗaukarsa a amalanke kowace safiya, shi kaɗai a hanya, ba idon kowa. Kuma a makon nan na ji labari ƙanen matar Lawali, can Gazawa, ya sayo sabon inji daga tsallaken iyaka yana neman aiki. Na haɗa wannan da wancan. Suka zauna daram a kaina.

Shaiɗan bai kawo mini ƙarya ko ɗaya ba, ƴan'uwa. Gaskiya biyu ya ɗauko ya ɗaure mini su da igiya.

Kwana kaɗan bayan haka muna wata gona, inji ya ƙi tashi, ina ta ja gumi na zuba. Lawali na kwance a inuwar amalanke. Ya ji ina ta maganar ƙasa kwana da kwanaki. Sai ya ce, "Ja, bawa, ja! Ni na dama masa furar ƙasa da safe. Ya ƙoshi, shi ya sa yake barci."

Mai gona ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Ko yaron goye ya san maganar taubashi ba a ɗaukarta a kai gida. Zai ce shi ya sace maka akuya, shi ya hana matarka haihuwar namiji, a yi dariya a wuce. Ni da na girma cikin wannan wasa, ranar nan na ɗauki maganar na ajiye a zuci. Na ce ya faɗa da bakinsa, yana ɓoyewa a bayan wasa.

Daga nan na zama ɗan leƙen asiri a kan ɗan'uwana. Na ɗaura siririn zare a murfin tanki don in gane in an buɗe. Na shafa toka a jikin bido. Wata safiya na ce na yi gaba, sai na laɓe a bayan geza na bi amalanken a ɓoye tun daga gari har gona. Mutum mai furfura, ina rarrafe cikin ƙaya! Me na gani? Lawali yana tafe yana yi wa shanunsa waƙa. Da suka zo wurin gargada ma sai ya sauka ya gyara wa injin buhun da ke ƙarƙashinsa.

Kun san abin da na ce? Na ce ya fi yadda nake zato wayo. Ya san ina kallo.

Zare bai tsinke ba, toka ba ta goge ba, duk bai sa na sake shi ba. Wanda ke da irin ciwona, rashin shaida ma shaida ce a wurinsa.

Na daina ba shi ɗaukar inji. Na riƙa saɓa shi a kafaɗa har gona. A gida kuma ƙarƙashin gado nake tura shi. Matata Saratu ta ce, "Baban Talatu, warin man nan yana sa ni ciwon kai. Ni da injin nan ɗaya zai bar ɗakin nan."

Na ce, "Me ya sa kike so ya kwana waje? Wa ya ce ki faɗa mini haka?"

Ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin yara. Matar da muka yi shekara ashirin da wani abu!

Sai ga shi inji ya mutu karo na uku, alhali Lawali bai taɓa shi ba tsawon makonni. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na ce ai akwai ranar da na zagaya bayan sabara na bar shi da injin. Na nemi wani mai amalanke, ban ko gaya wa Lawali ba, sai gani ya yi an wuce da icce ta ƙofar gidansa. Aka yi suna a gidansa, na hana Saratu zuwa.

Abin da ya fi muni, wata safiya a teburin mai shayi, gaban mutum huɗu ko biyar, na buɗe baki na ce, "Ku yi hankali da wanda kuke ba ɗaukar kaya. Na jikinka ma yana iya zuba maka ƙasa a inji don surukinsa ya samu aiki." Ban kira suna ba. Ba buƙata.

Magana ta tafi. Wani ɗan kasuwa da ya saba ba Lawali ɗaukar buhunan hatsi zuwa Cadawa ya daina. Mai injin niƙa ya ce kada amalankensa ya ƙara tsayawa kusa da rumfarsa. Mai amalanke ba shi da jari sai amana, ni kuwa ita na taɓa.

Duk da haka raina bai huce ba. Na yanke ranar Litinin zan kai ƙara wurin mai gari. Na san abin da zai biyo baya. Za a kira shi gaban dattawa, a ce ya rantse. Kawuna tsoho, wanda ya goya ni, zai ji cewa ɗan ƙanwarsa ya kai ɗansa ƙara. Ba a taɓa jin taubashi ya kai taubashi gaban mai gari ba a garinmu. Kuma mu gidajen masu bi nawa ne a ƙauyen? Cikin dangi muke zaune, rijiya ɗaya muke sha. Na san duk wannan, na ce a yi ta ta ƙare.

Lahadin nan aka yi jibin Ubangiji. Kafin a raba, Fasto ya ce kowa ya duba zuciyarsa, in akwai wanda kake riƙe da shi, kada ka miƙa hannu kamar ba komai. Faranti ya zo gabana. Hannuna ya ƙi tashi daga gwiwa. Na bar shi ya wuce.

Bayan an tashi, Fasto ya ja ni gindin itacen bedin da ke bayan majami'a. Ya ce, "Ɗan'uwa Ayuba, me ya hana ka yau?"

Na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka gan shi da idonka?"

Na ce, "Ban gani ba. Amma na sani."

Ya ce, "To mu durƙusa. Kai za ka yi addu'ar."

Na ce, "Ya Ubangiji, ka tona asirin mai cutata, ka kunyata shi gaban jama'a."

Fasto ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsaya. Ka riga ka yanke shari'a, kana so Allah ya sa hannu kawai. Ba haka ake roƙo ba. Roƙi gaskiya, ko a kan wa za ta faɗa."

Zan faɗa muku abin da ban taɓa gaya masa ba, yau zai ji tare da ku. A durƙushen nan, abin da ya fara zuwa mini shi ne: ko Lawali ya kawo wa Fasto icce kyauta? Fasto, ka yafe mini. Har kai ban bari ba.

Amma da tunanin ya zo, sai na ji tsoron kaina. Na ce, Ayuba, wa ya rage? Mai mai ɓarawo, bakanike ɓarawo, matarka ƴar aike, taubashinka maci amana, yanzu bawan Allah ma an saye shi da icce. Duniya duka ta lalace, kai kaɗai ka tsira?

Da ƙyar na ce, "Yesu, nuna mini gaskiya. Ko da ni za ta kama."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma wani abu ya kwance a ƙirjina, na fashe da kuka kamar yaro, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne mahaifina. Kuma maganar da na toshe kunne a kanta sau biyu ta dawo mini sarai: kawo shi duka in gani.

Halleluya! Ubangiji bai aiko mala'ika ba. Maganar tsohon bakanike ya tuna mini.

Na gaya wa Fasto. Ya ce, "Mai gari ba ya gudu. Je Cadawa tukuna."

Litinin da safe, maimakon ƙofar mai gari, na sa injin duka a buhu, na hau bayan moto, wato babur, na rungume buhun har Cadawa. Malam Idi ya gan ni ya ce, "A'a! Yau an kawo mini mara lafiyan da kansa?"

Na tsaya a kansa ina kallon hannunsa. Ciwo ba ya fita rana ɗaya. Ya ce, "Matsa ka ba ni iska, ba haɗiye shi zan yi ba."

Na ce masa ina zaton wani ke zuba ƙasa a tanki. Bai yi gardama ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin kwano ya juye man da ke tankin duka. Ƙyalle ya fito fes. Ya sa waya ya jawo ɗan tiyon da ke cikin tankin ya nuna mini wani ɗan abu a bakinsa. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ke tace mai. Ko mudu guda aka zuba maka a nan, ƙasa za ta kwanta a gindi, wannan ya toshe, inji ya shaƙe ya mutu. Amma ba za ta kai ga fistan ba. Ƙasar da ke zane fistan ta hanci take shiga, tare da iska."

Sai ya kwance murfin sama, inda matatar iska take. Ya sa yatsa biyu ya zaro wani abu ya ɗaga sama. Ya ce, "Wannan fa?"

Ƴan'uwa, ƙyallen gidan sauro ne, ninki huɗu.

Na tuna. Tun kafin inji ya fara ciwo, ina wanke soson da ke tace iska sai ya yage. Na je saye, mai shago ya miƙo mini wani, na juya shi na ce jabu ne, so yake ya cuce ni. Na dawo gida na yanki tsohon gidan sauro na ninka na cusa. Inji ya tashi da ƙara fiye da da, don iska na shiga ba shamaki. Na ji daɗin wayona. Kullum ina cire shi in kakkaɓe in mayar, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ban gaya wa kowa ba, don kada a koyi dabarata.

Malam Idi ya ce, "Sauro kake tsoron ya ciji fistan?"

Masu jiran gyara suka bushe da dariya. Ya shafa baƙin mai a tafin hannunsa, ya ɗebi garin ƙasar da ke gindin tebur ya zuba a ƙyallen, ya hura. Tafin hannun ya yi fari da ƙura. Ya ce, "Ga mai zuba maka ƙasa. Kana yanka gindin icce a jigawa, sarƙa na tayar da yashi, inji na shaƙa. Wa ya sa maka wannan abu?"

Bakina ya so ya nemo wani. Har a lokacin! Amma na tuna abin da na roƙa jiya. Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "To da ka kawo shi tun farko, da ragonka na nan yana cin harawa."

Tunda na zo nan, bari in yi magana da ku matasa da ke sha'awar sayen inji, don kada ku biya abin da na biya. Matatar iska ba a yi mata dabara. In ta yage, sayi wata, in ba ka iya bambance ta kirki ba tafi da wanda ya iya. Wanke ta kowace rana ka bari ta bushe kafin ka mayar. Man haɗi kuma, wanda ake gauraya wa isansi, kada ka auna da ido, kuma kada ka zuba wa isansi baƙin man da aka juye daga moto. Sa a karanta maka abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ka yi alama a ƴar kwalba, ka riƙa aunawa da ita, ka girgiza bido kafin ka zuba.

Iccen ƙasarmu yashi ne a cikin ɓawonsa. Kafin ka sa sarƙa, ɗauki gatari ka ɓare ɓawon wurin da za ka yanka. In busasshen gawo ne, ƙwanƙwasa shi tukuna, sau da yawa gara ta cika cikinsa da ƙasa, taɓawa ɗaya sarƙa ta dakushe. In ka ga inji na fitar da gari maimakon ɓarɓashi, tsaya ka wasa haƙora da magagari, kada ka danna da ƙarfi, dannawa ke ƙona inji kuma ita ke gajiyar da hannu har a yi kuskure. Kada ka yanka da kan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, zai yi tsalle ya dawo maka a fuska. Kada ka ɗaga shi sama da kafaɗa. Iccen da iska ta kayar, duba wane reshe ne ya danne a ƙasa, don in ka sake shi yana iya mangare ka. Kuma in inji ya yi ciwo, kai shi duka wurin mai gyara. Duka.

Ranar nan na bar wa Malam Idi injin gaba ɗaya, na juya baya na tafi. Ban taɓa yin haka ba tunda na saye shi. Gyaran inji shi ne mai sauƙi. Mai wuya yana jirana a gida.

Na fara da Saratu. Ta ce, "Na gode wa Allah. Amma ba ni ka fi ɓata wa ba. Tashi ka tafi tun rana ba ta faɗi ba."

Na sami Lawali a bayan gidansa yana zuba wa shanu harawa. Ya gan ni, ya kakkaɓe hannu, ya shiga ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa mini. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Ayuba. Ina gajiya? Ina iyali?"

Malam Ayuba! Tabarma! Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na fito da ƙyallen gidan sauron na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai. Har zaren, har tokar, har rarrafen da na yi a bayan geza. Har ƙarar da na yi niyyar kaiwa. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Tun ranar da ka yi magana a teburin mai shayi aka kawo mini. Na zauna ina jira ka zo ka tambaye ni. Ko kwalata ka ci ka ce, Lawali kai ne? Da na ji daɗi. Amma ka wuce ni ka je ka gaya wa bare."

Na ce, "Kawu ya ji?"

Ya ce, "Na hana a gaya masa. Tsohon nan ba zai ɗauka ba."

Ina shirin kai shi gaban dattawa, shi yana rufa mini asiri wurin ubansa. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Na yafe, don Allah ɗin da ka ambata. Amma ba a cikin gidan nan ka ɓata mini suna ba."

Na gane. Washegari da safe, lokacin da teburin mai shayi ya fi cika, na je na tsaya a tsaye. Lawali na zaune a ƙarshen benci. Na ɗaga ƙyallen na ce, "Jama'a, maganar da na yi a nan kwanaki, ƙarya ce. Lawali bai taɓa injina da mugunta ba. Ni na cire matata na sa gidan sauro, ni na kashe injina da hannuna sau uku, na ɗora wa ɗan'uwana. Wanda ya kai waccan maganar wani wuri, ya taimake ni ya kai wannan ma."

Sai mai shayi ya ce, "To Ayuba, injin dai bai yi zazzaɓi ba ko?" Aka yi dariya. Na tsaya na sha dariyar, ta cancance ni. Daga nan na je wurin ɗan kasuwan, na je wurin mai injin niƙa, na maimaita. Lawali kuwa, tun a teburin, shanye shayinsa kawai ya yi ya tashi.

Bayan mako guda aka kira ni yankan wani gawo da ya faɗi a hanyar Gazawa. Na aika wa Lawali, ban san ko zai zo ba. Da safe na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Na gode wa Yesu! Na fito da inji na miƙa masa kamar yadda muka saba. Ya mayar da hannunsa baya ya ce, "Ɗora kayanka da hannunka."

Har yau haka muke. Yana zuwa, yana kwashe icce, ɗan kasuwan ya dawo masa da aiki, matanmu suna shiga gidan juna. Amma bai ƙara taɓa injin ba, kuma yana gaishe ni da ladabi. Ban ga laifinsa ba. Yafewa ya yi mini a rana ɗaya, saura kuma ni zan jira.

Ga abin da Ubangiji ya yi mini. Ya tsayar da ni kwana ɗaya tak kafin in raba gida biyu. Ya mayar da ni teburinsa, wata na gaba na miƙa hannu na karɓi gurasa. Ya sauke mini kayan da na ɗauka tun ina saurayi, na tsaron kaina daga kowa. Ba zan ce tunanin ba ya zuwa ba. Yana zuwa. Jiya ma mai isansi ya miƙo mini kwalba na ji hancina na son shinshinawa. Amma yanzu na san muryar wa ce, kuma na san inda zan kai ta.

Yabo ya tabbata ga Yesu, wanda bai amsa addu'ata ta farko ba!

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, in ka shigo nan yau da sunan wani a ƙirjinka, ka gama yi masa shari'a ba ka tambaye shi ba, ina roƙonka ka tsaya. Kai wa Yesu maganar duka, kada ka naɗe masa gefen da kake so ya gani. Ka dogara gare shi ko da gaskiyar kai za ta kama. Ni ta kama ni, ban mutu ba.

Abu ɗaya nake roƙo a wurinku. In kun durƙusa, ku tuna da Lawali da gidansa, Allah ya sa masa albarka a shanunsa da amalankensa. Kuma ku taya ni roƙo, kafin in bar duniya, taubashina ya sake zagina.

Cikin sunan Yesu. Amin.